Ruwan da Aka Ba Baƙo

Wanda Ya ba da rai Ya karɓi abinSa, kuma gare Shi dukanmu za mu tattara. Kakana, mahaifin mahaifiyata, ya rasu a tsakiyar bazarar bana, da hantsi, a lokacin da bakin kowa a birnin Sakkwato ya cika da zancen mulkin kai da ke tafe. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata makwancinsa.

Ni aka zaunar a zaure ina karɓar gaisuwa, don haka na ji abin da mutane suka faɗa, har da wanda suka faɗa suna zaton ba na ji. Limamin unguwa ya ce marigayi bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Tsofaffin abokan aikinsa na kotu suka gyaɗa kai. Da aka shafa fatiha, sai ɗayansu ya karkata ga na kusa da shi ya rage murya.

"Mutumin kirki na. Sai dai zancen rijiyoyin ga da yak kama shi ga ƙarshe."

"Tsuhwa na," in ji ɗayan. "Allah shi sa mu gama da hankalinmu."

Wani mahauci da ke bakin ƙofa ya ce da Malam bai ja da Turawa ba, da yanzu yana nan da ƙibarsa. Daga cikin gida kuwa wata tsohuwa maƙwabciyarmu take ta maimaita magana guda cikin kuka: "Wa za shi kawo muna ruwa yanzu?" Aka yi ta ba ta haƙuri kamar ita ma hankalinta ya taɓu.

Can sai ga ƙarar mota. Mijin ƙanwar mahaifiyata ne, wadda nake kira goggo, surukin marigayi, dillalin kamfanin fata. Ya sa aka sauke buhunan shinkafa a ƙofar gida inda kowa zai gani, ya shigo yana share ido da bakin rawani. Mutane suka matsa suka ba shi tsakiyar tabarma.

A wannan zama na ƙudura cewa sai na rubuta wannan. An binne kakana da sunan tsohon da ya ruɗe, alhali shi kaɗai ne ya faɗi gaskiya a kan ruwan da ya kashe mana yara. Ba zan bar sunansa a haka ba, kuma ba zan bar waɗanda suka ɓata shi su sha inuwa ba.

Kaka muhuti ne, wato malamin da ke zama gefen alƙali yana duba masa hukunci a littattafai. Ya yi wannan aiki har gemunsa ya yi fari. Bai taɓa yin wata Hausa ba sai ta Sakkwato, kuma na bar maganarsa yadda ta fito daga bakinsa, domin gyara ta cin amana ne. Yana yawo da goronsa a aljihu da butarsa a hannu, saboda kada ƙishi ko kwaɗayi su sa ya karɓi wani abu a gidan mai ƙara. Akwai tambaya guda da aka san shi da ita, har yaran kasuwa suna kwaikwayonsa. Duk mai shaidar da ya tsaya a gabansa, kafin a tambaye shi abin da ya gani, sai Kaka ya ce, "Ina kac ci tuwo jiya?"

An taɓa shari'a a kan wani bijimi, mai ƙara, wani Alhaji, ya kawo shaidarsa, wani dogon mutum mai kamala.

"Ina kac ci tuwo jiya?"

"Gidan Alhaji, ranka shi daɗe."

"Shekaranjiya hwa?"

"Nan dai."

"To tashi, Allah shi yi ma albarka. Ba mu ce kai maƙaryaci na ba. Cikinka na ba ya barin bakinka shi miƙe."

Ya sha gaya mini cewa shari'a ba ta mayar da irin wannan shaida don zargi. Tana mayar da ita ne don ta san halin ɗan Adam: wanda ake ciyarwa yakan daina ganin wasu abubuwa, kuma shi kansa ba ya sanin ranar da ya daina.

A gida kuwa ba a raba shi da wasa. Tun da aka sa ni makarantar boko ya raɗa mini Nasaran Inna. In na dawo hutu sai ya ɗaga murya don kakata, wadda muke kira Inna, ta ji: "Ga mijinki nan ya dawo da wando awa na doki. Ɗauke ta, ɗan boko, in kana iya cishe ta. Ni na gaji." Inna ta amsa daga madafa: "Ko gobe ni bi shi. Shi aƙalla haƙoranai cikakku na." Ya yi dariya har sai ya yi tari. Duk da wannan ba'a, babu wanda ya kai shi girmama ilimi, kowane iri ne. Wannan girmamawa ce aka bi ta kanta aka cuce shi.

Wani kamfanin Turawa mai sayen fatar awaki da ƙirgi ya gina rumfunansa a bayan unguwarmu. Kafin a ɗaure fatu a kai su jirgi, sai a tsoma su cikin ruwan wani farin gari mai dafi domin kada ƙwari su ci su a hanya. In ruwan ya gama aiki, a kwarara shi cikin kududdufin da ke tsakanin rumfunan da gidajenmu. Awakin da suka sha daga nan suka fara mutuwa. Bayan 'yan damuna sai abin ya shigo gida: amai da gudawa da ba sa jin magani, tafin hannu ya yi kaushi ya yi baƙi, yaro ya rame yana kallon uwarsa. Ƙanwata, autar mahaifiyata, tana cikin waɗanda aka fara ɗauka. Ba ta ko fara zuwa makarantar allo ba.

Kaka ya lura cewa gidajen da ke gangare kusa da kududdufi su ne suke binne yara, na kan tudu kuwa lafiya lau. Ya kai kuka gaban hukuma. Aka ce masa wannan magana ta masana ce, za a kawo malami daga jami'a ya auna ruwan. Ya dawo gida da murna. Da ƙafarsa ya bi gida gida yana cewa, "Malami na za shi zo, kuma baƙo na. Ku girmama shi, kak ku ba mu kunya."

Dole in bayyana abu biyu ga wanda bai san zamanmu ba. Rijiyoyinmu a cikin gida suke, can bayan zaure, a tsakar gidan mata, inda baƙon namiji ba ya shiga. Sa'an nan kowane gida, komai talaucinsa, yana da ɗan tulu a ajiye daban, wanda ake turarawa a cika shi da ruwan rijiyar kan tudu ta kusa da masallaci, wadda 'yan garuwa suke ɗebowa. Ruwa ne mai daɗi, kuma ba a iya sayen wanda zai ishi gida duka. Na baƙo ne. Matar da ta ba baƙo ruwan rijiyar tsakar gida alhali tulun nan yana da ruwa, za a yi shekara ana zancenta.

Malamin jami'a, wani Bature, ya iso cikin motar kamfani, ya sauka a gidan kamfani, kuma wanda aka haɗa shi da shi ya zama jagora da tafinta shi ne mijin goggona. An haife shi a unguwar nan. Ya sha daga tulun baƙo na kowane gida a cikinta. Shi ya zaɓi ranar zagaye, ya kuwa zaɓi ranar da Kaka ya ƙetare gulbi zuwa jana'izar wani almajirinsa na dā a ƙauye. A kowane zaure sai ya tsaya ya yi sallama, ya ɗaga murya: "A kawo ma baƙo ruwa!" Sai ga kwano wankakke an rufe da faifai. Bature ya juye a kwalba, ya toshe, ya rubuta sunan gida a jiki, ya yi godiya. Haka suka gama unguwa. Guga ko ɗaya bai shiga rijiya ba.

Da Kaka ya dawo, Inna ta tare shi da fara'a.

"Malam, ban ba ka kunya ba. Na tulu nib ba shi, wanda nit turara jiya."

Ta gaya mini cewa ya daɗe a tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa. Har yau in aka taɓo zancen sai ta dubi hannunta na dama ta ce, "Da wanga hannu niɗ ɗebo." Ina so duk mai karatu ya sani: ba ta yi laifi ba. Mutunci ta yi, aka mayar da mutuncinta makami a kan jikokinta.

Washegari da safe Kaka ya tafi gidan kamfani. Baturen yana jin Hausa gwargwado, kuma mutum ne mai ladabi. Ya miƙe tsaye, ya ba shi kujera, ya sa a kawo shayi. Kaka ya gode, bai sha ba. Ya bayyana masa yadda aka yi, ya ce ya biyo shi yanzu, shi da kansa zai shigar da mata ɗaka ya kai shi bakin rijiyarsa, kuma zai roƙi maƙwabta su yi haka. Fuskar Baturen ta yi ja. Ya ce kwalabensa sun cika, mota kuma gobe za ta tashi, amma zai dawo bayan damina.

"Motar wa?" in ji Kaka.

"Ta kamfani."

"Ɗakin da za ka awon ruwan, wa ag gina shi?"

"Kamfani ne ya taimaki jami'a."

"In za ka dawo, wa ka biyan tahiyar?"

Baturen ya ce, "Malam, ni masani ne. Abin da awo ya nuna shi nake rubutawa. Babu mai gaya mini abin da zan ce."

"Na yarda," in ji Kaka. "Ba su buƙatar su gaya ma. Sun riga sun kai ka ƙohwar da suka so."

Bai dawo ba. Abin da ya dawo shi ne sakamakonsa, bugagge, da hatimin jami'a. Ya ce ruwan unguwar mai kyau ne, babu dafi a cikinsa. Ya ce ciwon yara daga ƙazantar gida yake: mata ba sa rufe randa, ba sa wanke ƙwarya. Matan da suka hana 'ya'yansu ruwa mai daɗi suka ba shi, su ya kira ƙazamai a takarda, aka karanta a gaban mazansu.

A zaman da hukuma ta kira, Kaka ya miƙe ya nemi a mayar da wannan shaida, domin mai ita a gidan wanda ake ƙara ya kwana, kuma a can ya ci. Baturen da ke jagorantar zaman ya yi murmushi ya ce jami'a ba ɗan ƙauye ba ce da ya zo shaidar bijimi. Aka yi dariya. Kaka ya juya ga surukinsa, abin da bai taɓa yi a bainar jama'a ba, ya ce ya faɗa don Allah wane ruwa aka zuba a kwalabe. Mutumin nan ya durƙusa kamar yadda suruki yake yi, ya sunkuyar da kai, ya ce da murya mai taushi, "A yi ma Malam uzuri. Shekaru sun ja, kuma mutuwar jikanya ta taɓa shi."

Daga wannan baki ne zancen ruɗewa ya fito. Ban taɓa ganin wuƙa mai ladabi kamar wannan ba.

Goggona ta zo bayan kwanaki tana kuka, tana roƙon a shirya. Kaka ya tambaye ta abu guda: me ya sa mijinta ya kwashe ta da yaranta ya mayar da su kan tudu tun kafin malamin jami'a ya zo? Ta ce ya ce mata saboda sauro ne.

"Sauro," in ji Kaka. "To madalla. Ke ɗiyata ta, ƙohwata buɗe take gare ki da ɗiyanki. Shi ko, kak ki sake kawo man gaisuwatai."

Daga ranar bai sake kiransa suruki ba, sai "mai mota".

Da ya ga hukunci ya fi ƙarfinsa, sai ya yi abin da ke hannunsa. Ya sa aka cike rijiyar gidansa da ƙasa. Ya sayi jaki. Kullum bayan sallar asuba, da kuma bayan la'asar, tsohon muhutin alƙali yana bayan jaki da tuluna, daga rijiyar kan tudu zuwa gangare, yana sauke ruwa a ƙofar duk gidan da ke da mai jego ko yaron da aka yaye. Samari suna zaune a gindin bishiyar bedi suna cewa, "Malam, nawa nawa?" Sai ya ce, "Kyauta na, amma ban da masu gemu." Wani attajiri ya aiko a gaya masa yana zubar da girman malanta. Ya ce a gaya masa girman yana nan a rataye a ɗaka tare da alkyabba, in ya mutu a ba attajirin gado. Ruwan jaki ɗaya ba ya isar unguwa, ya kuwa sani. Gidajen da bai kai ba suka ci gaba da sha daga rijiya, domin takarda mai hatimi ta ce babu komai, kuma wa zai bar maganar jami'a ya bi ta tsohon da aka ce ya ruɗe? Hanyar maƙabarta ba ta yi ciyawa ba.

Allah Ya nufa a wannan jami'ar na yi karatu. A ƙofar ɗakin awon ruwa akwai farantin tagulla da aka zana sunan kamfanin, ana goge shi kowace safiya har yana ɗaukar ido. Na nemi malamin na same shi. Ya zama babba a sashensa. Da na faɗi daga inda na fito sai fuskarsa ta washe, ya ce bai manta da dattijon nan mai kaifin hankali ba. Na tambaye shi me ya hana shi komawa. Ya ce ya nema, amma masu ba da kuɗin bincike ba su ga dalilin maimaita aikin da aka riga aka kammala ba. Na ce to me ya sa ya buga, alhali an gaya masa ruwan ba na rijiyoyin ba ne? Ya juya alƙalami a hannunsa. Ya ce maganar mutum ɗaya ce, ba ta da hujjar awo; ya ce sashen sabo ne a lokacin, ɗalibai da yawa sun dogara da shi, ni ma ina cin moriyar irinsa. Ya yi mini rakiya har ƙofa. Bai yi kama da mugu ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Ya auna yaranmu da ɗakinsa, ɗakin ya rinjaya, ya tafi ya ci abincin rana.

Da ciwon ajali ya kwantar da Kaka, wata rana bayan la'asar sai ga mai mota ya zo tare da liman, domin ya san ba za a mayar da liman daga ƙofa ba. Ina zaune ina yi wa Kaka fifita. Ya durƙusa daga nesa ya ce ya zo neman gafara, in akwai abin da ya taɓa yi bisa kuskure.

Kaka ya buɗe ido. Muryarsa ta yi ƙasa, amma kowace kalma ta fito.

"Abin da kay yi man, na yahe. Ka ce na haukace, na yahe. Wanga nawa na." Ya huta. "Na ɗiyan mutane ba nawa na ba, ba ni kyauta da kayan wani. Tahi gida gida. Ka hwaɗi abin da kay yi, da bakinka, ga iyayensu. In sun yahe ma, to."

Liman ya ce, "Malam, a sassauta."

"Liman, kai ka karanta muna. In akwai inda anka ce in yahe haƙƙin wani, nuna man."

Mai mota ya tashi ya fita. A waje ya gaya wa mutane cewa alhamdu lillahi sun yafi juna da Malam. Rabin magana ya ɗauka ya bar rabi, kamar yadda ya saba. Ni ne na huɗu a ɗakin, ga sauran rabin na kawo.

Yanzu na ji an sa sunansa cikin waɗanda za su kula da ruwan birni in Turawa sun tafi, saboda wai ya san aikin. Lalle ya san shi. Rumfunan suna nan, kududdufin yana nan, malamin jami'a yana nan da darajarsa. Ina faɗa musu su duka uku, kamfani da malami da dillali: zan fassara wannan da Turanci in kai shi duk inda ake girmama hatimin nan, zan karanta shi da Hausa a duk zauren da aka ba ni tabarma, har sai an zo an zura guga a rijiyoyinmu a gaban idonmu, da kuɗin da ba na masu fata ba. Ba na neman sulhu. Ina neman ranar da za su ji kunyar da suka ɗora wa tsohon nan, su ji ta a kasuwa, da rana tsaka.

Bayan sadakar bakwai na bi gidajen gangare ina tambaya ko mai mota ya zo neman gafara. Bai je ko ɗaya ba. Na ƙare da ɗakin mahaifiyata, wadda tun rasuwar autarta ban ji ta ambaci zancen ba. Tana tsince shinkafa, ba ta cikin buhunansa ba. Na ce, "In ya zo, me za ki ce masa?"

Ba ta ɗaga kai ba.

"Ba ni da magana da shi. Yarinyar ta iya magana kahin ta tahi. Ranar tsayuwa ita za ta tambaye shi."

Ya Allah, Ka gafarta wa kakana, Ka shayar da shi daga tafkin ManzonKa, Ka sanyaya zuciyar Inna. Waɗanda kuwa suka san abin da ke cikin ruwan suka yi shiru, Kai ne shaidar da babu mai ciyar da Shi. Ka isar mana.